Madannin Ƙanƙara a Zafin Bazara: Martani ga Mai Cewa a Bar Mota a W

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur a Najeriya, duk wata dabara da aka ce tana rage wa mota shan mai ta samu masu saye. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. Mai motar da a da ba ya ko kallon allurar tanki, yanzu da ita yake kwana da ita yake tashi. Wasu sun daina kunna na'urar sanyaya mota, wasu sun koma gas, wasu sun jingine motar sun hau A Daidaita Sahu. A wannan kasuwa ce wani marubuci mai sharhi kan motoci ya baje kolinsa: wai duk mai mota otomatik da ke da madannin W, ko mai hoton dusar ƙanƙara, ko wanda aka rubuta wa SNOW, ya danna shi ya bar shi a danne, rani da damina.

A faɗarsa, in an yi haka mota za ta riƙa tashi a hankali ba fizga, ta sauya giya da wuri, injin ya daina ihu, shan mai ya ragu, giya ta ɗaya kuma ta samu hutu tunda ba a taɓa ta. Ya ƙara da cewa kamfanin Mercedes-Benz da kansa ya goge harafin W ya sa C, alamar jin daɗin tuƙi, wanda a ganinsa shaida ce cewa tun asali tsarin na yau da kullum ne. Ya rufe da kafa hujja da motarsa, wadda ya ce ta daɗe a haka ko tari ba ta yi ba.

Marubucin ya san mota, kuma ba duk abin da ya faɗa ne babu gaskiya a ciki ba. Inda ya zame shi ne ya ɗauki abin da mota guda za ta iya jurewa ya mai da shi fatawa ga kowa, alhali madannin nan ba aiki ɗaya yake yi a kowace mota ba.

Motocin da ke ɗauke da shi galibi 'yan Beljiyam ne, waɗanda aka ƙera don titunan Jamus da Suwidin da Kanada da arewacin Amurka, suka gama shekarunsu a can, sannan aka loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. A waɗancan ƙasashe akwai watannin da direba zai fito da safe ya tarar titi ya daskare. A busasshiyar kwalta, taya tana iya tura mota da ƙarfin da ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin da ke kanta kafin ta fara zamewa. A kan dusar ƙanƙarar da motoci suka daddanne, abin yakan sauka zuwa kashi 20 ko 30. A kan ƙanƙara mai sulɓi kuwa, da kyar ya wuce 10. A irin wannan titi ƙarfi abokin gaba ne: da an taɓa totur a giya ta ɗaya, taya za ta hau juyawa a wuri ɗaya, motar da ke ja da baya ma ta karkace ta ba da gefe. Sai injiniyoyi suka ce, to, a ƙirƙiro hanyar da za a raunana motar da gangan a lokacin tashi. Aikin madannin ke nan. An yi shi ne don ya hana ƙarfin inji isa taya gaba ɗaya.

Lissafin ba ɓoyayye ba ne. A ɗauki giyabos mai giya biyar da Mercedes ya fitar a 1996, wanda makanikai suka sani da lamba 722.6, wanda ke cikin E-Class mai zagayayyun fitilu da C-Class na wancan zamani. A ƙaramin samfurinsa, a giya ta ɗaya inji yana juyawa sau 3.93 kafin farfela ta juya sau ɗaya. A giya ta biyu sau 2.41 ne. Wato in an danna W motar ta tashi a ta biyu, ƙarfin da ke isa taya ya ragu da kusan kashi 39 cikin 100. Giyabos ɗin ma ribas biyu gare shi, kuma W yana zaɓar mai rauni daga ciki, don ko baya za a yi a kan ƙanƙara kada taya ta zame. Wanda ya zauna ya tsara ribas na biyu ba tunanin tsimin fetur yake yi ba.

To, nauyin motar dai bai ragu ba. Tan ɗaya da rabi na ƙarfe yana nan, dole wani abu ya tura shi daga tsaye. Abin da marubucin ya tsallake ke nan, kuma a nan duk maganar take.

Tsakanin inji da giyabos na mota otomatik akwai wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe cike da man giya, wadda makanikai ke kira konbata. Wani injiniya Bajamushe, Hermann Föttinger, shi ya yi rajistar fasahar a 1905, don jiragen ruwa ma ya yi ta. A cikinta akwai faifai mai fukafukai da inji ke juyawa, yana watsa mai da ƙarfi a kan wani faifan da ke haɗe da giyabos, shi kuma ya juya. Babu ƙarfen da ke riƙe da ƙarfe, mai ne kaɗai a tsakani, shi ya sa za a iya tsayawa a danja giya tana D injin bai mutu ba. Akwai faifai na uku a tsakiya da ke mai da man baya, ta yadda a lokacin tashi konbata tana iya ninka ƙarfin inji kusan sau biyu. Amma ninkin ba kyauta ba ne. Muddin faifan gaba yana gudu na baya yana jan ƙafa, bambancin da ke tsakaninsu zafi yake zama, kuma cikin man giya zafin yake sauka. Motar da ke tsaye an taka mata totur, duk abin da injin ya bayar zafi ne zalla.

Duk direban da ya koyi tuƙi da mota mai kuloci ya san abin da ake nufi. In ya tashi a giya ta biyu, sai ya riƙe kuloci a rabi na tsawon lokaci, yana ba da wuta, kafin motar ta kama hanya. Ya yi haka a gosulo na rabin awa, hancinsa zai gaya masa. A mota otomatik babu ƙauri, babu girgiza, domin mai ne ke shan wahalar a madadin faifan kuloci. Laushin da marubucin yake yabo, wani ɓangarensa zamewar konbata ce.

Man giya yana son ya yi aiki a tsakanin digiri 80 zuwa 90. Masana sinadaran mai suna da wata ƙa'ida da suka daɗe suna aiki da ita: duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewar mai. In ya lalace yakan yi duhu, ya yi warin ƙuna, ya bar datti a ƙananan hanyoyin da yake bi, robobin da ke riƙe matsinsa su bushe, faya-fayan da makanikai ke kira faiba su fara zamewa. A yawancin motoci, a cikin lagireto ake sanyaya man giya, da ruwan da shi kansa ya kusa digiri 90. A gaban lagireton kuma akwai kondensa ta na'urar sanyaya mota tana hura masa iska mai zafi. A Stockholm cikin Janairu, iskar waje tana ƙasa da sifili, ƙarin zafin daƙiƙa biyar na tashi ba komai ba ne. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai cikin Afrilu, ana haye digiri 40 a inuwa. A ɗora wa wannan cunkoson Mararaba zuwa Nyanya da safe, ko na Kurna da yamma, inda mota za ta tashi ta tsaya babu adadi a cikin kilomita biyu, babu iskar gudu sai abin da fanka ta jawo, a cikin motar da ta shekara ashirin, wadda mai ita bai san ranar ƙarshe da aka sauya mata man giya ba.

Ba ana cewa giyabos zai fashe a mako guda ba ne. Ba zai fashe ba. Zafi ba ya kashe giya da gaggawa, a hankali yake cin ta, shi ya sa shaidar da marubucin ya kafa da motarsa ba ta da nauyin da yake zato. In Marsandi E320 ce mai silinda shida da ƙarfin doki 224, mutum ɗaya a ciki, a shimfiɗaɗɗun titunan Abuja, to lallai za ta tashi a giya ta biyu ba tare da konbata ta daɗe tana zamewa ba. C180 mai ƙarfin doki 122, da iyali bakwai da buhun masara a but ana tafiya gida Sallah, wata magana ce daban, ko da harafin da ke jikin madannin iri ɗaya ne.

Kuma fa duk wannan a gidan Mercedes ne, inda W ke nufin giya ta biyu. A Volvo, daga 850 zuwa S60 da S80 da XC90 na farko, in an danna W a giya ta uku motar take tashi, kuma ba ta komawa ƙasa sai an take totur har ƙasa. A giyabos mai giya biyar na waɗannan motoci, ƙarfin ta uku bai kai rabin na ta ɗaya ba. Tsofaffin Opel Astra da Vectra da Zafira masu madannin dusar ƙanƙara su ma a ta uku suke tashi. Abin lura a nan shi ne yadda kamfanin Opel bai amince wa direba ya bar tsarin a kunne ba: yana kashe kansa in an kashe mota, yana kashe kansa in gudu ya kai wajen kilomita 80 a awa, kuma littafin motar ya faɗa ƙarara cewa yana kashe kansa in man giya ya yi zafi sosai, don kada a yi ɓarna. Wanda ya ƙera motar ya san akwai zafi a cikin lamarin har ya sa mai gadi a bakin ƙofa.

Akwai ma waɗanda suka fi waɗannan haɗari. Wasu ƙananan Opel, irin su Corsa da Meriva, suna da giyar da ake kira Easytronic, wadda ba ta da konbata sam. Giya ce ta manuwal da kuloci na gaske, kwamfuta ce kawai ke taka shi. A nan tashi a giya ta biyu cin faifan kuloci ne kai tsaye, kuma tsarin ƙanƙarar nasu yana kashe kansa in kuloci ya ɗau zafi. Mai irin wannan mota in ya bi shawarar marubucin, hanyar kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ko Panteka ya kama.

A Lexus RX300 da Toyota Highlander, waɗanda suka cika titunan Kaduna da Kano, madannin ECT SNOW yana sa a tashi a giya ta biyu. A Land Cruiser sunansa ma 2nd STRT, ba ɓoye-ɓoye. A Peugeot 406 da 307 masu giyar AL4, wadda dama an san ta da rashin son zafi, madannin S da na dusar ƙanƙara suna kusa da juna, kuma masu irin wannan mota sun san ranar da fitilunsu biyu suka hau ƙyaftawa, motar ta maƙale a giya ta uku, ranar gareji ce. Sababbin motoci masu giyar bel ta CVT ko masu ja da ƙafa huɗu kuwa, wasunsu totur kawai suke sassautawa, wasu suna sauya yadda ake raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Shawara guda ba za ta rufe wannan duka ba.

Sai hujjarsa mafi ƙarfi, ta sauya W zuwa C. Gaskiya ne, a farkon shekarun 2000 Mercedes ya sauya haruffan daga W da S zuwa C da S, kuma a C mota tana tashi a giya ta biyu. Gaskiya ne kuma, in ana son a ƙara masa makami, tsofaffin Marsandi da yawa, irin su 190 da wadda dillalai ke kira V-boot, a giya ta biyu suke tashi in an taka su a hankali, tun ba a san da wani madanni ba. Duk wanda ke da Marsandi mai C, babban inji, lafiyayyen lagireto da sabon man giya, ya bar ta a C bai yi laifi ba, kamfanin ya amince da haka. Wannan ɓangaren na marubucin ne, a bar masa.

Amma a dubi abin da ya faru a daidai lokacin. A 1995 Mercedes ya fara sa na'urar ESP a motocinsa, kafin nan ma yana da na'urar da ke hana taya zamewa in an ba da wuta. Da waɗannan suka zama ruwan dare, kwamfuta ta karɓe aikin da W ke yi a kan ƙanƙara, tana rage wuta ko ta matse birkin tayar da ta zame cikin ƙiftawar ido. Madannin ya rasa aikinsa na asali, sai aka ba shi wani. A 2003 kuma aka fitar da giyabos mai giya bakwai, 7G-Tronic, wanda giyarsa ta ɗaya 4.38 ce, ta biyu 2.86. Da aka zo kan mai giya tara a 2013, ta ɗaya ta haye 5, ta biyu ta haye 3.2. A babban samfurin tsohon giyabos na 1996, giya ta ɗaya 3.59 ce. Wato giya ta biyu ta sabuwar Marsandi ta kusa kamo giya ta ɗaya ta tsohuwa. Wanda ya ga sabuwa tana tashi a ta biyu ya ce tsohuwar Volvo ma ta tashi a ta uku, lambar giya ya duba, bai duba abin da ke cikinta ba.

Tarihin giyar otomatik ma ya riga ya gwada ra'ayin marubucin, ya ajiye. A 1948 kamfanin Buick na Amurka ya fitar da Dynaflow, wadda a tuƙin yau da kullum ba ta amfani da ƙaramar giya ko kaɗan, konbata ce ke ɗaukar motar daga tsaye har ta kai gudu. Laushi kam ba a magana, direba ba ya jin sauyin giya domin babu shi. Amma ta yi suna wajen nawa da shan mai. Chevrolet ya bi sahu da Powerglide a 1950, ita ma a babbar giya take tashi. A 1953 aka gyara ta ta riƙa tashi a ƙaramar giya sannan ta sauya da kanta. Daga baya masu ƙera giya gefe guda suka nufa: ƙarin giya, giya ta ɗaya mai ƙarfi, da wani kuloci a cikin konbata da ke ɗaure faifan biyu wuri ɗaya da zarar mota ta ɗan yi gudu, don zamewar ta ƙare da wuri. Giyabos mai giya takwas na kamfanin ZF, wanda ke cikin BMW da Range Rover da sauransu, a samfurinsa na farko giyarsa ta ɗaya 4.71 ce. Injiniyoyin da dokokin Turai ke matsa wa lamba su rage kowane ɗigon mai ba su ga tsimi a raunana tashi ba, ƙarfafa shi suka yi.

Wannan ya kawo mu batun fetur, wanda shi ne ya ja wa shawarar jama'a. A tsarin W akwai abu biyu da ke jan igiya. Sauya giya da wuri yana rage juyin inji, wannan yana taimakon tanki. Zamewar konbata a kowane tashi kuma tana ƙona mai ta mai da shi zafi, wannan yana cutar tanki. A babbar hanya, Kano zuwa Zariya a gudun kilomita 100, babu bambanci ko na ƙwabo, domin ko a W ko a S motar tana giyar ƙarshe. A cikin gari kuma halin ɗan Adam yana shigowa: in direba ya ji mota ta yi nauyi, ƙara taka totur yake yi ba tare da ya sani ba. Ɓangaren da ke da amfani, wato sauya giya da wuri, kowace giya otomatik tana ba da shi kyauta ga wanda ƙafarsa ba ta da nauyi, ba sai ya sadaukar da giya ta ɗaya ba.

Marubucin bai kawo lissafin lita ko na kilomita ba, ji ya yi a jikinsa. Gwajin kuwa ba wuya: a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar kilomita, a bi hanyar aiki ta kullum, a koma famfo ɗaya a sake cikawa, a raba. A maimaita sau da dama a kowane tsari, domin gosulon Litinin ba irin na Asabar ba ne. Wanda ya yi wannan da gaske yakan gano cewa tayar da iskarta ta ragu, ko fuloga da ta mutu, ko matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, ko na'urar auna hayaƙi da aka cire aka jefar, kowane ɗayansu ya fi madannin nan tasiri a aljihunsa.

Maganar hutar da giya ta ɗaya kuwa, daga tunanin giyar manuwal ta fito. A giyar otomatik mai konbata, haƙoran giya a sarƙe suke da juna koyaushe, babu wanda ake turawa ya shiga ko ya fita. Abin da ke sauya giya rukunin faiba ne da matsin mai ke matsewa ko saki. Tsallake giya ta ɗaya yana rage matsa guda a kowane tashi, wannan gaskiya ne. Sai dai faibar duka, ta giya ta ɗaya har ta biyar, a cikin mai ɗaya suke wanka. A ceci guda daga aiki kaɗan, a dafa sauran, an gudu gara an faɗa gidan zago.

Akwai wani rukunin masu mota da shawarar za ta fi yi wa daɗi, kuma su ta fi cutarwa: waɗanda motarsu ke dukan ƙirji in za ta tashi, ko in tana shiga giya ta biyu. Sun danna W, dukan ya ɓace, sun ce an warke. Ruwa ba ya tsami banza. Lafiyayyar giya ba ta fizga daga ɗaya zuwa biyu. In tana yi, ko mai ya yi ƙasa, ko ya tsufa, ko an zuba wanda ba nasa ba, ko robar da inji ko giya ke zaune a kai ta tsage, ko wata solanoyid ta fara gajiya. A Marsandi mai 722.6 akwai sanannen soket na wayoyi da ke yoyon mai har ya bi waya, akwai kuma robar da ke haɗa giya da farfela. Yawancin waɗannan gyara ne mai sauƙi in an kama shi da wuri. Shi wannan giyabos ma babu sandar auna mai a jikinsa, sai makanike mai kayan aiki, don haka mai motar ba shi da wata alama sai wannan fizgar. Madannin W ya rufe mata baki, ciwon yana nan yana girma, ranar da zai sake magana sai an sauke giya gaba ɗaya.

Ga kuma abin da ba a auna shi da lita. Mai mota ya tsaya a majuyar babbar hanya, yana jiran rata tsakanin tirela da tankar mai. Ya ga ratar, ya taka. Motar da ke W takan yi jinkiri, ko dai ta ja jiki a babbar giya, ko kuma in ya take har ƙasa kwamfuta ta yi shawara ta koma giya ta ɗaya da bugu, wanda shi ne ainihin fizgar da aka ce ana gudu. Daƙiƙa ɗaya a wannan wuri ba ƙarama ba ce. Haka a Hawan Kibo ko hawan Mambila zuwa Gembu, in babbar mota ta tsayar da kowa a tsakiyar hawa, tashi daga nan da kaya a giya ta uku aiki ne da konbata za ta yi shi cikin zafi mai tsanani, a daidai lokacin da lagireto shi ma yake neman agaji.

Duk da haka madannin ba ado ba ne a ƙasar da ba a ƙanƙara. Abin da aka yi shi dominsa sulɓi ne, kuma damina tana kawo sulɓi. Baƙar lakar firki ta yankin Dikwa da Marte in ta sha ruwa, ko jar ƙasar hanyoyin karkara bayan ruwan dare, ko gangaren fadama mai ciyawa, duk suna yi wa taya abin da dusar ƙanƙara ke yi. Littafin Land Cruiser da kansa ya ambaci yashi da taɓo cikin wuraren da ake tashi a giya ta biyu. Masu Honda Accord da ba su da madannin suna da madadinsa a sandar giya, domin in an sa ta a 2 motar a ta biyu take tashi ta kuma zauna a nan. A irin waɗannan wurare a danna, a taka a hankali, a bar motar ta rarrafa ta fita, da taya ta hau kwalta a kashe, fitilar da ke allon gaban direba ta mutu.

Iyakarsa ke nan ko a cikin lakar ma. In tayoyi sun riga sun haƙa rami har cikin motar ya zauna a ƙasa, babu madannin da zai fitar da ita, kuma ci gaba da ba da wuta ana jefa giya daga D zuwa R yana iya ƙona man giya cikin 'yan mintoci. A nan sai a kashe inji, a nemo shebur da itace da majiya ƙarfi daga ƙauye mafi kusa.